Shehun Ɗinki da Kular Sakatariya

A duk maɗaba'ar babu mai ilimin mai ɗinke littattafai, kuma shi da kansa ya fara lura da hakan. Shekara ashirin yana shafa wa tafsirai gam, na Sunni da na Shi'a, har ya haddace nauyin kowanne. Cikinsu ne kawai bai samu sukunin dubawa ba. Abokan aiki suka laƙaba masa Shehun Ɗinki, ya karɓa hannu biyu.

Ranar da 'yar sakatariya ta gama jami'a, uwar, wadda Kirista ce, ta kawo kula guda ta shinkafa da nama ta ajiye a kan teburin yankan takarda. Mai injin bugu, ɗan Sunni, ya ɗauko cokali. Mai tsara shafi, ɗan Shi'a, ya matso da kujera. Shehu ya ɗaga hannu, gam na ɗiga, ɗayan hannun riƙe da kofin shayi.

"Ku dakata. Wannan kula mas'ala ce."

Ya hau kan kwalin takardu ya bayyana cewa malaman Sunni sun fahimci ayar abincin Ma'abota Littafi har da yankansu, mafi yawan malaman Shi'a kuwa sun ce hatsi ake nufi. Nan kam ya faɗi daidai, don a baki ya tsinta. Daga nan ya saki hanya: ya ba wa wannan malami maganar wancan, ya kashe wani da ke raye, ya juya yana koya wa sakatariya abin da Kiristoci suka yi imani da shi. Ta ce ba haka suke faɗa a coci ba. Ya tausaya mata, ya ce ta ƙara bincike.

Mai tsara shafi ya tambaye ta a hankali inda ta sayi naman. Ta ce ai wajen yayansa mahauci ta saya, tun shekaranjiya ta yi wa mahaucin magana don shi ma ya samu ya ci. Ya yi bismillah.

Shehu bai ji ba, idonsa a rufe, yana zayyano hujja ta bakwai. Da ya sauko zai yanke hukuncin da zai haɗa kan al'umma, ya tarar al'ummar ta riga ta haɗu, tana sakace. Ko ƙanzo bai rage ba.

Ya gyara hula ya ce dama yau azumin nafila yake yi.

Sakatariya ta ce Allah ya karɓa, ta zare kofin shayin da ke hannunsa.