Ranar Da Na Gwada Oba-obar Sabuwa

Ban yi boko mai nisa ba, amma lokacin da kuɗin fetur suka shigo, ni ake turawa duba na'urar oba-oba a ofisoshin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A ganina ko wanda ya ƙera ta bai fi ni sanin cikinta ba.

Wata rana aka ce ta Sabuwa ta yi shiru. Na je na auna batir, na bi wayoyi, na kira Faskari. Ko tari ba ta yi ba. Ƙa'idar gwaji ita ce ka danna madannin magana, ka ƙirga ɗaya zuwa goma. Ni kuwa tunda na riga na yanke cewa ta mutu, sai na danna, na juya ga magatakardan ofishin.

"Malam Iro, wannan gawar ma ta fi Injiniyanmu amfani. Shi dai a soya masa kaza, ya miƙe ƙafa a mota."

Ashe lasifika ce kaɗai ta ƙone. Mu ne ba ma jin kowa, amma kowa na jin mu. Injiniya kuwa, shugabana a wurin aiki, yana zaune a ofishin Ƙanƙara cikin manyan baƙi.

Washegari na je gabansa, na tabbata aikina ya ƙare, ina tunanin abin da zan faɗa wa iyali. Ya dube ni ya ce, "Gwajinka ya yi kyau, saƙo ya iso tsaf. Ina kazar?"

Bai kore ni ba. Amma har yau in na ratsa kasuwar 'Yankara, sai wani mai kaji ya ɗaga zakara sama: "Baba, ga na Injiniya, oba!"