Rasuwar Ɗan Mubi, Janaretan da Gajeriyar Waya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu da har yanzu yake ƙaurin hayaƙi, ni Abdulhakeem Ɗanburam na unguwar Damilu, Jimeta, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ƙaramin janaretanmu, wanda gida ke kira Ɗan Mubi. Ya cika ranar Asabar da hantsi, yana bakin aiki.

Marigayin ɗan gudun hijira ne kamar mu. Shekarar da muka baro Mubi da ƙafa, mun bar gado da keken ɗinki, amma shi na ɗauko shi a ka, har wasu suka ce na zautu. Ban zautu ba. 'Yata Basma tana da ciwon suga tun tana ƙarama, allurarta kuma ba ta jure zafi. Wanda ya san watan Afrilu a Yola ya san abin da nake nufi. Wutar gari ta zo yau, ta ɓace kwana uku, shi kuwa yana bayan ɗaki yana tu-tu-tu, ƙaramin firijin da muke ajiye allurar yana sanyi. Ƙarfinsa wat ɗari takwas ne kacal, bai taɓa cewa ya fi haka ba. In ya ji nauyi sai ya yi guuu, ya sake daidaita murya.

Game da jinyar ajalinsa, zan faɗi gaskiya ko da ta kunyata ni.

Muna da hita ta dafa ruwa, mai naɗaɗɗiyar waya. Da sabuntarta, an rubuta a gindinta bolt ɗari biyu da ashirin, amfiya biyu da rabi. Duk sanda wayar ta ƙone a tsakiya, sai in yanke wurin, in ja sauran, in murɗe bakin. Haka kowa ke yi a layinmu. Yankan yau, yankan gobe, har ta koma rabin tsawonta. Ni a tunanina gajeriyar waya ƙaramar wuta za ta ci, har ina murna na rage wa marigayin kaya.

Basma tana ajin ƙarshe a sakandare. Ranar da wutar gari ta zo, ta aro abin awo wurin malamarsu, Malama Jemimah, ta auna hitar, ta same ni da takarda. Ta ce, “Baba, a ninka bolt da amfiya, shi ne wat. Da can tana cin ɗari biyar da hamsin. Yanzu amfiya biyar take ja, dubu ɗaya da ɗari ɗaya ke nan.” Na ce yaya waya za ta ragu cinta ya ƙaru? Ta ce a raba bolt da amfiya, sai a ga turjiyar wayar, wato yadda take tare wa wuta hanya. Da can turjiyar, a ma'aunin om, tamanin da takwas ce, yanzu arba'in da huɗu. “Kai ka buɗe mata ƙofa, Baba. Don Allah kada ka ɗora wa Ɗan Mubi.”

Na ce mata, “Wannan lissafin makaranta ne. Tun ba ki iya ɗaura ɗankwali ba nake tafiya da injin nan.” Mahaifiyarta Yelwa ta ce, “Malam, ka dai ji ta.” Ban ji ba.

Ranar Asabar gawayi ya ƙare, na jona wa Ɗan Mubi hitar, firiji ma yana kai. Marigayin ya yi guuu irin wadda ya saba, amma bai dawo ba. Ya yi kaf, kaf, ya saki baƙin hayaƙi. Na zare wayar, na ja igiyar tayar da shi har kafaɗata ta sage. Hamajoɗa mai gyara ya buɗe cikinsa, ya sunsuna, ya ce, “Bappa, sai haƙuri. Koyil, naɗin wayar cikinsa, ya narke, har ƙarfen ya ci wuta.”

Ya rasu ya bar firiji wanda ya zama akwati, da fanka, da ƙwan lantarki biyu. Ya bar kwalaben allura huɗu, waɗanda yanzu suke cikin tulu, tulun cikin jiƙaƙƙen yashi, Yelwa tana yayyafa ruwa tana taɓawa da bayan hannu. Ya kuma bar Basma, wadda ba ta ce mini “ai na faɗa” ba. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Za a ɗauki gawar gobe bayan azahar a keke napep, daga ƙofar gidana zuwa rumfar Hamajoɗa, inda za a cire abin da ya rage a miƙa sauran ga 'yan gwangwan. Hitar za ta bi shi. Ba zaman makoki, ba a buƙatar goro. Mai son yi mana ta'aziyya, in yana da firiji mai wuta tsakanin Damilu da Vinikilang, ya ba mu wuri kamar faɗin tafin hannu. Na zagaya gida shida, duk duhu ɗaya muke ciki.

Jiya na ga Basma a gindin tulun da takarda da biro, tana duba zafin rana, tana duba kwalaben, tana lissafin kwanakin da allurar za ta jure. Yarinyar nan lissafinta ba ya kuskure. Na karɓe biron na saka a aljihu.