Ranar da Na Kashe Wutar Baba Haladu

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da makaranta ta tura ni koyon aiki ba, ko da kuwa na so in manta. Ina aji uku ina karanta ilimin gandun daji aka ajiye ni a wani shingen bishiyoyi da ke bayan Gafasa, a ƙasar Ajingi. Na sauka da ƙaton takalmi, da hular kwano ruwan ɗorawa, da usur a wuya (babu wanda ya ce in sayi usur, ni dai na ga ya dace da mutum irina).

Oganmu yana zaune a Gaya, sai Litinin yake leƙowa a babur. Wanda ke wurin kullum shi ne mai gadi, Baba Haladu, wani dattijo siriri marar yawan magana. Akwai layi uku na darbejiya a bakin shingen ta gabas, shi ya dasa su, ya raine su rani biyu da ruwan jarka a bayan jaki har suka kai ƙirjin mutum. 'Ya'yana yake ce musu. Ni kuma Malam Injiniya yake ce min, ina amsawa da ƙarfi, ban gane tsiya yake min ba. Har lacca na taɓa yi masa a kan haɗarin wutar daji, yana gyara wa jakinsa igiya yana cewa, "To, Malam."

Wata Alhamis bayan azahar, masu farautar gafiya suka cinna wuta a wata saura can gabas, iska kuma ta juyo da ita wajenmu. Da na hango hayaƙin, wallahi har wani daɗi na ji, na ce yau za a san an yi karatu. Na cika injin feshi da ruwa, na goya, na ruga.

Ina isa bakin shingen na tsaya cak. Babbar wutar tana nesa tukuna. Amma ga Baba Haladu a sunkuye, da dunƙulen ciyawa mai ci a hannu, yana bin gefen 'yar hanyar da ta raba bishiyoyinsa da saurar, yana cinna wa busasshiyar ciyawa wuta. Mai gadi da kansa!

Ko sallama ban yi ba. Na busa usur, na fizge ciyawar daga hannunsa na tattake, na bi wutar da feshi.

"Malam, bari! Bar ta ta ci!" in ji shi.

Na ce a raina, ka ji, har ya amsa laifinsa. Na ƙara ƙaimi. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin na ranar ba, kafin ka ce kwabo na kashe ta tas.

Daidai nan manoman Gafasa suka iso da ɗanyun rassa a hannu. Na nuna dattijon da yatsa na ce, "Jama'a ku shaida, da idona na gan shi." Sannan na kira Oga, na buɗe muryar wayar don kowa ya ji (wannan shi ne abin da ya fi ci min rai har yau).

"Oga, na kama mai sa wuta. Baba Haladu ne."

"A bakin hanya yake sawa?"

"A nan fa, Oga."

"Madalla. Ka taimaka masa."

"Ai na kashe ta."

Oga ya ce, "Innalillahi. Kai ba a koya muku tarar wuta da wuta ba?"

An koya mana. Abin takaicin ke nan. Ana ƙona ciyawar da ke gaban bishiyoyi tun babbar wuta ba ta iso ba, in ta zo ta tarar babu abin ci, sai ta mutu. Na san abin da sunansa na Turanci, na zana shi a jarrabawa da jan biro, har maki na ci. Ban dai taɓa ganinsa a hannun tsoho mai yagaggiyar riga ba, shi ya sa ban gane shi ba.

Baba Haladu bai ko dube ni ba. Ya gwada sake cinnawa, ciyawar ta jiƙe da ruwana, ta ƙi kamawa. Ga wuta ta matso har muna jin zafinta a fuska. Sai ya ce wa mutanen, "Mu ja baya. A bar mata layi biyu." Suka koma ciki, suka share ƙasa da fartanya, suka tare ta a can. Shingen ya tsira. Ni kuwa ina tsaye da injin da babu ko ɗigo a ciki, ina kallon 'ya'yan Baba suna ƙonewa.

Da ƙura ta lafa na same shi a tsugune yana taɓa wani baƙin kututture. Kunya ta kama ni, kamar ƙasa ta tsage in shige. Na cire hular kwanon na durƙusa.

"Baba, don Allah ka yafe min."

"Ba komai, ɗana. Wuta ba ta cin inda 'yar'uwarta ta riga ta ci, shi ke nan karatun." Ya ɗan nisa. "Bishiya dai a sake dasawa. Nunin da ka yi min da yatsa ne ya yi zafi."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da ruwa ya sauka, ni na haƙa ramukan layi biyun nan da hannuna, Baba yana zaune a inuwa yana cewa in ƙara zurfi. Bai sake ce min Injiniya ba, mutanen gari kuwa Kwana-kwana suke kira na har na bar wurin. Usur ɗin na rataya wa jakin Baba.

Yanzu duk inda na ga dattijo yana abin da ya yi min kama da hauka, sai in rage sauri in fara da sallama. Sau da yawa kafin mu gama gaisawa nake gane ko wane ne mahaukacin.