Ranar da Na Tuna wa Ango Kifin Bikinsa

Ba zan taɓa mantawa da satina na biyu a shagon Hajiya ba, wata mai sayar da bandar kifi a Yelwa. Ta ɗauke ni gwaji ne don na cika mata baki cewa kwamfuta a jinina take. Na zuba duk kwastomominta na Abuja da Kaduna a jerin sunaye na imel, yadda in ka danna sunan mutum, duk saƙonnin da aka taɓa yi da shi za su fito. Har wata tafiya nake ina ɗaga kafaɗa.

Wata safiya Hajiya ta ce Injiniya Bashir zai biyo ta shagon, babban kwastoma ne da ya daina saye.

"Ka lallaɓa min shi," in ji ta. "In ya dawo, aikinka ya zauna."

Na danna sunansa. Saƙon da ke sama yana cewa a kai masa kifi Abuja don bikin aurensa. Na rufe kwamfuta ina murmushi. (Akwai wasu saƙonni a ƙasa, amma gwani irina ina ruwansa da su?)

Yana shigowa na tare shi da hannu biyu.

"Ango, ango! Ya amarya? Na san har yau 'yan biki ba su manta da kifinmu ba. An samu ƙaruwa kuwa?"

Hajiya ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni, wanga yaro ya kashe ni!"

Injiniya ya zare tabarau ya dube ni.

"Gaskiyarka, ba su manta ba. Kifinku ya iso ne bayan an watse, har an mayar da kujerun haya. Surukaina tuwo suka ci da miyar da ba kifi."

Wallahi ji na yi kamar in ruga in faɗa tafki. Na buɗe kwamfutar a gabansa, sai ga saƙonnin reras: "Ina kifi?" "Baƙi sun iso." Na ƙarshe kuwa "Allah ya isa" kawai ya rubuta. Ashe tsohon saƙo ne ke fitowa a sama.

Na fara ba da haƙuri. Can sai mutumin nan ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Tunda ka tambayi ƙaruwa, Asabar mai zuwa suna. Kai da kanka za ka kawo kifin, kuma ina so ya iso kafin yaron ya fara rarrafe."

Tun ranar Alhamis na isa Abuja da kwalaye, ina warin banda, har matan gidan suka sa min suna Ɗan Kifi.

Aikina dai ya zauna. Amma yanzu ko gaisuwar Juma'a zan tura wa kwastoma, sai na karanta tarihinsa har ƙasa tukuna in tambayi lafiyar iyalinsa.