Awakin Inna da Man Rogo

Da fetur ya yi tsada, na yi wa masunta a Yelwa alkawarin man injin jirgi daga ɓawon rogo. Ai na kalli bidiyo a waya, na zama injiniya. Na jiƙa ɓawon da yis har ya yi tsami, na tace, na watsar da dusar kusa da turke.

Awakin Inna suka cinye tas. Da la'asar sai ga su suna tangaɗi a ƙofar masallaci, bunsurun ya jingina da bango yana hararar liman.

"Kai, mi ka ba su?" in ji Inna.

Na ce, "Bincike ne."

Man ko fitila bai kunna ba. Har yau, in akuya ta yi tuntuɓe a kasuwa, sai a ce, "Ta biyo ta gidan Injiniya."