Tocila Mai Batir Shida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hajaru ba, yarinyar da nake nema a Illela cikin shekarun tamanin. A lokacin ina cikin wata majalisa ta marasa aikin yi a bakin tasha, mu ba makanikai ba, mu ba masu gyaran rediyo ba, amma kullum musunmu ɗaya: tocilar wa ta fi jifa da haske nesa. Wani ya ce ta ƙarfe ta fi ta roba, wani ya rantse batirin Ƙonni ya fi namu ƙarko. Mai tocila mai batir biyu kuwa ko gaisuwarsa ba ma amsawa da kyau.

Ni da na fi kowa iyayi, sai na yanke tawa gida biyu, na zura guntun bututun ruwa a tsakiya, na ɗaure da robar keke. Ta koma cin batir shida, tsawonta ya kusa kamu guda. Ƙwan ciki ban canza shi ba, na batir biyu ne. Kuma ta yi aiki! Abin da ƙwaƙwalwata ba ta gane ba shi ne, duk gwajin da tsofaffin batura na yi shi, irin waɗanda muke shanyawa a rana mu ɗan ciccije su don su farfaɗo (har yau haƙorina na gaba yana tuna min).

Ranar gaisuwa na ce yau ba ranar tsoho ba ce. Na sayo sababbi dal guda shida na ɗura, na ƙi kunnawa wai kada su rage ƙarfi. Alhaji, mahaifin nata, mutum ne mai tsantseni, an ce mini sau ɗaya yake kallon mutum ya yanke hukunci, ga shi ba ni kaɗai ke neman 'yarsa ba.

Bayan magariba muna zaure, ni da kawuna da Alhaji da ƙannensa, fitilar ƙwai tana ta lumshe ido. Sai wani ƙanen Alhaji ya zabura.

"Kunama ta! Ta shige ƙarƙashin tabarma! Wa ad da cocila?"

Wallahi daɗi na ji. Na zaro abata daga cikin babbar riga kamar mai zare takobi.

"Baba, ku tsaya, ga haske."

Na danna. Zauren ya yi wal sau ɗaya, ƙwan ya ce ɗis, ya ƙone. Idon kowa ya rufe, ko fitilar ba a gani. Sai na yi abin da duk mai tocila ke yi, na buga ta a tafin hannu. Robar ta kwance, sifirin ɗin da ke danne baturan ya yi aikinsa, kan tocilar da baturan suka yi gaba. Na ji ƙum, na ji salati.

"Wanga yaro, mi kaj jehe ni da shi?" in ji Alhaji.

Kafin in amsa, kawuna ya taka batir ya zame, ya ɗauka kunamar ce, ya kurma ihun da ban san dattijo na iya yi ba. Ni kuwa ina durƙushe ina lalube, ba kunama nake nema ba, baturana nake tattarawa. A haka Hajaru ta shigo da aci-balbal ta same ni, huɗu a hannu, ina neman biyu, goshin babanta ya yi ƙulu. Kunya kamar in nutse.

Kunamar ba a gan ta ba. Ni ma ba a sake ganina a gidan ba, don washegari Alhaji ya aiko wa kawuna cewa ya gode, amma bai ba da ɗiyarsa ga wanda ake gudun rai yana ƙirgar batir. Bayan sallah aka aurar da Hajaru ga wani, aka kai ta Gidan Katta.

Tun daga nan, duk abin da na ƙera da hannuna a gidanmu nake fara kunna shi, inda in ya fashe goshina kaɗai zai samu.