Yadda Bandar Inna Ta Fi Ni Yaƙi da Korona

Ko da tsufa zai sa in manta ranar da na karɓi takardar digirina, ba zan taɓa mantawa da kwanaki biyar ɗin da na yi ina yawo a jami'armu ina zaton Allah ya ba ni kwarjini ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin an sake buɗe makarantu ne bayan dogon kullen korona. Mu 'yan ajin ƙarshe mun riga mun yi asarar wata da watanni a gida. Ni a ƙauyenmu kusa da Baturiya na ƙare nawa zaman, ina taya Baba ɗinkin komar kamun kifi da korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ranar da muka dawo, hukumar makaranta ba ta ɓoye mana komai ba: in cutar ta bazu a cikin ɗalibai za a sake rufewa, jarrabawar ƙarshe kuma sai abin da hali ya yi. Saura mana sati huɗu. Na ce wa kaina, ko ana ha-maza-ha-mata ba zan koma korar tsuntsaye hannu rabbana ba.

Shi ya sa da aka nemi 'yan sa-kai na kwamitin kiyaye lafiya, ni na fara ɗaga hannu, har aka ba ni shugabanci (ba don na fi kowa sani ba, na dai fi kowa murya a wurin taron). Aka ba ni koriyar falmaran, da usur, da wata baƙar jaka cike da takunkumi da man goge hannu, sai kuma na'urar auna zafin jiki, wadda ɗalibai suka laƙaba wa suna bindiga. Daga ranar nan na zama abin da na zama. In na hango mutum biyu za su yi musabaha, sai usur. In na ga takunkumi a haɓa, sai wa'azi. Kullum da safe ina bakin ɗakin lakca ina cewa, "Goshi, goshi, a miƙo goshi." Na auna goshin kowa a makarantar nan, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai in juya bindigar in auna nawa ba.

Wata Asabar na shiga Haɗeja sayo sabulun wanke hannu, sai na yi kiciɓis da wani direban garinmu a tasha. Ya miƙo mini baƙar leda ya ce, "Saƙo ne daga Innarka, bandar tarwaɗa ce. Ta ce a gaya maka an yi gaggawar sauke ta daga wuta, ba ta gama bushewa ba. Kana isa ka shanya."

Na ce to, na cusa ledar can cikin aljihun jakar kwamiti, na ja zif. Ina shiga adaidaita sahu na tarar da fasinja biyu babu takunkumi, na buɗe musu babin wa'azi har ƙofar makaranta. Da Inna da kifinta, duk suka fice mini daga kai. Dama kwana biyu ina ɗan jin mura-mura, amma na ce ruwan randa ne na sha da yawa.

Wanda ya san zafin Haɗeja ya san abin da zai yi wa ɗanyar banda a cikin leda. Ni kuwa jakar nan ba ta barin kafaɗata sai zan yi salla.

Zuwa Litinin na fara ganin abin mamaki. Ɗaliban da na yi kwanaki ina fama da su, da sun hango ni sai ka ga takunkumi ya hau har ƙarƙashin ido. Wasu ma biyu-biyu suke sawa. 'Yan mata har da ƙara gefen mayafi a kai. In na nufi layin abinci sai ya dare gida biyu, in wuce ta tsakiya ina gyaɗa kai. Wurin awo kuwa, mutum zai miƙo goshi daga nesa kamar raƙumi, ya riƙe numfashi, ina cewa "wuce" ya arce. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce ashe gaskiya ne, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Abokin ɗakina Sagir, ɗan Kaugama, shekara huɗu muna tare, shi ma ya shiryu. Na dawo na tarar ya buɗe tagogi duka, ya naɗe katifarsa.

Ya ce, "Mutumina, zan ɗan koma ɗakin wasu 'yan ajinmu, ka san karatun jarrabawa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka kuwa yi wanki kwanan nan?"

Na ce, "Ina na ga lokaci? Aikin al'umma ya sha kaina. Amma na yaba da tagogin nan, iska tana da muhimmanci."

Ya dube ni ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Ko abinci ma a kwanakin nan ba na jin ɗanɗanonsa. Maimakon in yi tunani, sai na tsare baiwar Allah mai sayar mana da tuwo, na ce, "Hajiya, an hana ku sa daddawa ne?" (Allah ya ba ta haƙuri, na je na nemi gafara daga baya.)

Ranar Alhamis aka shirya taron wayar da kai a babban ɗakin taro. Kujeru da tazara, manyan malamai a sahun gaba. Masu jawabi biyu ne: ni, da Sista Rifkatu, babbar nas ta asibitin makaranta, 'yar Filato ce da ta daɗe a Haɗeja har ta fi wasunmu sanin lungunan garin. Mace ce mai kirki, amma aikinta ya koya mata faɗin gaskiya ba kwana-kwana.

Na hau mumbari na gyara falmaran. Na lissafa alamomin cutar ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga yatsa na ce, "Babbar alama ita ce mutum ya daina jin ƙamshi ko wari. Duk wanda ya ji haka ya ɓoye, ya ci amanarmu, shi zai sa a rufe mana makaranta." Daga nan na ce bari in raba takunkumi kyauta, na ɗora jakar a kan tebur na zuge zif ɗin gaba ɗaya.

Sahun gaba ya miƙe kamar an yi musu umarni. Malamai masu furfura suka ja da baya da kujerunsu. Ni kuwa sai na nuna su da hannu na ce, "Kun gani ko? Wannan ita ce tazarar da nake faɗa muku. A tafa wa iyayenmu malamai." Ba wanda ya tafa, don kowa hannunsa yana kan hanci.

Sista Rifkatu ta taso a hankali ta ce, "Ɗana, me ke cikin jakar nan?"

"Kayan aiki ne, Sista."

Ta sa safar hannu, ta lalubo, ta zaro baƙar leda ta kumbura tana ɗiga. Sai a lokacin na tuna da Inna. Na ce a hankali, ga lasifika a kunne, "Kifi ne."

Ta ce, "Da can dai kifi ne. Kwanansa nawa a nan?"

"Biyar."

"Kuma ba ka ji komai ba?"

Na girgiza kai. Ta ciro kwalbar man zafi daga aljihunta ta kara mini a hanci. Na ja, na sake ja, kamar ina shinshina ruwa. Sai ta zare bindigar daga hannuna ta saita mini goshi. Abar ta yi ƙara ta nuna ja. Can daga sahun baya wani ya ce, ba ma da ƙarfi ba, "Gwano ba ya jin warin jikinsa." Ɗakin taro ya kece da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Gwaji ya nuna ina ɗauke da cutar, aka killace ni a wani ɗaki bayan asibiti. Ba ciwon ne ya dame ni ba, don bai kwantar da ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne a ce ni, mai usur, ni na jawo aka rufe makaranta, 'yan ajinmu suka koma gida ba jarrabawa. Ba zan ɓoye ba, na yi kuka.

Aka bi duk waɗanda na yi hulɗa da su aka gwada: Sagir, 'yan kwamiti, har Hajiya mai tuwo. Bayan 'yan kwanaki Sista ta tsaya daga wajen taga tana dariya ta ce, "Babu ko ɗaya da ya ɗauka."

Na ce, "Sista, da gaske?"

"To wa zai ɗauka? Kwana biyar babu wanda ya yarda ya matso kusa da kai. Kifin Innarka ya yi aikin da usur ɗinka bai yi ba."

Sagir kuwa kullum sai ya kawo mini abinci ya ajiye a kan taga. Na ce masa, "Kai ma ka kasa gaya mini?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Haba mutumina, shekara huɗu muna ci a kwano ɗaya, da wane baki zan ce maka kana wari? Ai na tambaye ka wanki."

Da na buga wa Inna waya na ba ta labari, ta yi hamdala ta yi mini addu'a, sannan ta ce, "To amma ba na ce ka shanya ba? Manya shida Babanka ya zaɓar maka."

Mun rubuta jarrabawarmu a kan lokaci, na kuma ci. Sai dai har gobe 'yan ajinmu ba su san ni da wani suna ba sai Gwano, kuma na haƙura ina amsawa. Tun daga lokacin, duk ranar da na ga mutane suna buɗe mini hanya suna girmama ni daga nesa, ba na saurin gode wa Allah da ya ba ni kwarjini. Sai na fara duba jakata tukuna.